Da zaɓe aka yi a Meksiko a 1861 maimakon yaƙi, wa zai ci?

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin Meksiko na ƙarni na 19. Na ga masu ra'ayin sauyi da 'yan mazan jiya sun yi shekara uku suna yaƙi tun daga 1858, daga baya har aka ɗauko sarki daga Turai. A ce an tsayar da yaƙin a tsakiya, aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin ɓangarorin biyu, wa kake ganin zai ci? Kuma me zai biyo baya?

Amsa: Ɗan'uwa, a ganina 'yan sauyi ne za su ɗauki kujerar, amma da ƙyar, kuma a zauren majalisa za su ɗauke ta, bayan an rasa mai cikakken rinjaye a ƙidayar farko. 'Yan mazan jiya za su sami ƙuri'a fiye da yadda mai karanta tarihin da masu nasara suka rubuta zai yi zato. Inda gizo yake saƙar shi ne washegarin sanar da sakamako, domin a Meksiko ta wancan zamani wanda ya faɗi zaɓe barikin soja yake nufa. Bari in kawo maka dalilaina.

Kafin komai sai mun san inda za mu karkatar da tarihin, don kada hasashen ya zama tatsuniya. Akwai lokaci ɗaya da ya dace. A watan Maris na 1860 Janar Miguel Miramón, shugaban gwamnatin 'yan mazan jiya da ke babban birni, ya yi wa Veracruz ƙawanya karo na biyu. A can ne Benito Juárez, jagoran 'yan sauyi, yake da tasa gwamnatin, kuma a can ne kuɗin kwastan mafi tsoka na ƙasar suke shigowa. Birtaniya ta shiga tsakani, wakilan ɓangarorin biyu suka zauna a kan batun tsagaita wuta da kiran taron da zai yanke wa ƙasa makoma. Zaman ya watse saboda Juárez ya kafe cewa duk abin da za a yi sai a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 1857, su kuwa 'yan mazan jiya saboda wannan kundin suka ɗauki bindiga tun farko. A watan Satumba na shekarar, Santos Degollado, babban kwamandan 'yan sauyi da kansa, ya sake kawo shawarar sulhu ta hannun jakadan Birtaniya, Juárez ya tuɓe shi. Ke nan a cikin kowane ɓangare akwai waɗanda suka gaji. To mu ɗauka zaman watan Maris ya yi albarka: kowa ya tsaya a inda yake riƙe, aka amince a yi zaɓe a tsakiyar 1861 da dokar zaɓen da ake da ita, kundin kuma a bar wa sabuwar majalisa ta duba.

Mene ne ma ake faɗa a kansa? Mutane da yawa suna taƙaita shi da cewa rigimar addini ce. Kusan duk 'yan sauyin 'yan Katolika ne, Juárez kansa makarantar horar da limaman coci ya fara shiga a Oaxaca kafin ya koma karatun lauya. Rigimar a kan abu uku take: dukiya, kotu, da wanda zai riƙe rajistar rayuwar mutum. Dokar Juárez ta Nuwamba 1855 ta rage gatan da limaman coci da sojoji suke da shi na a yi musu shari'a a kotunansu na musamman. Dokar Lerdo ta Yuni 1856 ta tilasta wa coci da sauran ƙungiyoyi, har da al'ummomin ƙauyukan 'yan asalin ƙasa, sayar da gidaje da gonakin da suka mallaka a haɗe. Dokar Iglesias ta 1857 ta hana karɓar kuɗin baftisma da ɗaurin aure da jana'iza daga hannun matalauta. Sai kundin 5 ga Fabrairu 1857 ya tattara yawancin wannan ya mayar da shi tushen doka. Da yaƙi ya yi zafi, a Yuli 1859 Juárez ya wuce nan: ya ƙwace dukiyar coci gaba ɗaya ta zama ta ƙasa, ya mayar da aure da rajistar haihuwa da mutuwa hannun hukuma.

Dubi yadda abin yake a ƙasa. Ɗauki wani ɗan kasuwa a Puebla da yake haya a gidan wata ƙungiyar mata masu zuhudu. Dokar Lerdo ta ba shi wata uku ya karɓi gidan da sunansa. Farashin daga kuɗin hayarsa ake lissafa shi, a ɗauki hayar shekara a matsayin kashi 6 cikin 100 na darajar gidan, ya biya gwamnati harajin kashi 5 cikin 100, ya ci gaba da biyan coci a matsayin mai jingina. Idan ya ƙi, wani daban zai iya zuwa ya saye gidan, ya wayi gari yana haya a hannun baƙo. Idan ya saya, limaminsa ya gaya masa ya ci haram. Ya saya. A Janairu 1858 gwamnatin 'yan mazan jiya ta Janar Félix Zuloaga ta soke dokar, aka ce ya mayar da gida. A 1859 Juárez ya ce daga Veracruz gidan na ƙasa ne, ga sababbin sharuɗɗan saye. Wannan mutum ba zai je rumfar zaɓe a 1861 yana tunanin tsarin tarayya ko na tsakiya ba. Rufin da ke kansa ne aka sa a akwati. Dubban mutane suna cikin irin halinsa, kuma a gefe guda ga hafsoshin soja da suke ganin nasarar 'yan sauyi tana nufin ƙarshen aikinsu. Ba su yi kuskuren lissafi ba, don a tarihin gaske, kwanaki kaɗan bayan nasararsa a ƙarshen Disamba 1860, Janar Jesús González Ortega ya ba da umarnin sallamar rundunar dindindin da ta yaƙi kundin.

Yanzu ga yadda ake zaɓen, wanda shi ne rabin amsar tambayarka. Kundin 1857 ya ba kowane namiji ƙuri'a idan ya kai shekara 21, ko 18 in yana da aure, muddin yana da sana'ar halal. Ba a ce sai mai dukiya ko mai karatu ba, abin da a lokacin ko Ingila ba ta kai gare shi ba. Amma talaka ba shugaban ƙasa yake zaɓa ba. Ana raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace mai mutum 40,000, kowace gunduma kuma a yanka ta ƙananan mazaɓu masu mutum 500. Kowace ƙaramar mazaɓa wakili ɗaya take fitarwa. Waɗannan wakilai su ne za su taru a hedikwatar gunduma bayan mako biyu su jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa da ta ɗan majalisa. A ƙasa mai mutum kusan miliyan 8, lissafi zai ba ka wakilai kusan 16,000, amma a zaɓen gaske na 1861 waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai 10,000 ba.

Ranar zaɓen farko, ma'aikacin hukumar gari ne yake buɗe rumfa. Mutum bakwai na farko da suka hallara su ne suke zaɓar shugaban teburi da magatakarda da masu ƙidaya daga cikinsu. Saboda haka wanda ya kawo mutanensa tun asuba ya gama rabin aiki. Takardar ƙuri'a da sunan mai ita ake raba ta gida-gida tun kafin ranar, a bayanta zai rubuta wanda yake so. Ko a ƙidayar jama'a ta 1895, shekara talatin da ɗoriya bayan haka, fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen ƙasar ba sa karatu da rubutu. To wa zai rubuta wa baran gandu? Wakilin mai gandun. Wa zai rubuta wa manomin ƙauye? Magatakardan gari, ko malamin makaranta, ko wani na kusa da limamin coci. A saman wannan duka akwai kantoman gunduma, wanda a yawancin jihohi gwamna ne yake naɗa shi, kuma shi ne yake da kurkuku da jerin sunayen waɗanda za a kama a sa aikin soja dole. Wanda ya taɓa ganin zaɓen fitar da gwani ta hanyar daliget a wurinmu, inda gwamna ya kwana da wakilai a aljihunsa, ya riga ya fahimci tsarin. Tambayar da za a yi ita ce jihohi nawa kowane ɓangare yake riƙe da su ranar da aka tsagaita wuta.

A farkon 1860 'yan mazan jiya suna riƙe da cibiyar ƙasa, inda jama'a suka fi yawa: birnin Meksiko, Puebla, Querétaro, Guadalajara, da yawancin yankin Bajío mai albarkar hatsi. 'Yan sauyi suna da Veracruz, da arewa mai faɗi marar jama'a, da tsaunukan kudu inda tsoho Juan Álvarez yake da iko a jihar Guerrero, da ƙauyukan Michoacán da kudancin Jalisco. A Nuevo León da Coahuila akwai Santiago Vidaurri, wanda sunan ɗan sauyi yake amsawa amma kansa kawai yake yi wa aiki, shi ne ma daga baya ya koma wajen Maximilian, sarkin da aka ɗauko daga Turai, shi ma aka harbe shi a 1867. A Sonora akwai Ignacio Pesqueira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai kawo wakilan jiharsa a dunƙule.

Amma kada ka ɗauka ƙuri'ar 'yan mazan jiya ta tilas ce kawai. A nan nake saɓa wa masu ganin kamar jama'a duk suna bayan Juárez. Majalisar da ta rubuta kundin 1857 kusan duk 'yan sauyi ne a cikinta, amma da aka kawo sashen da zai halatta sauran addinai, takardun koke suka yi ta kwarara daga garuruwa, da yawa ɗauke da sa hannun mata, har majalisar ta ja da baya a Agusta 1856 aka janye sashen. Da aka ce duk ma'aikacin gwamnati sai ya rantse da kundin, babban limamin birnin Meksiko, Lázaro de la Garza, ya ce wanda ya rantse ba za a karɓi tubansa ba sai ya warware rantsuwar a fili. Ma'aikata da dama suka zaɓi barin aiki, wasu garuruwa aka yi tarzoma ranar rantsuwa. Ka yi tunanin mutum yana kan gadon mutuwa, matarsa tana kuka, limami yana tsaye a ƙofa ya ce ba zai shiga ba sai an janye rantsuwa. Wannan ya faru, kuma wanda ya gani a gidan maƙwabcinsa ba ya mantawa ranar zaɓe.

Haka kuma 'yan asalin ƙasa ba murya ɗaya suke da ita ba. Juárez ɗan ƙabilar Zapotec ne daga ƙauyen Guelatao, maraya mai kiwon tumaki wanda bai iya Sifaniyanci ba sai da ya kai wajen shekara 12. Amma Janar Tomás Mejía, wanda ya fi kowa riƙon amana a rundunar 'yan mazan jiya, shi ma ɗan asalin ƙasa ne daga tsaunukan Sierra Gorda, kuma mutanensa sun bi shi har ƙarshe. A yankin Tepic, Manuel Lozada ya tara ƙabilun Cora da Huichol a kan batun gonakin da ake cinye musu, ya jingina da 'yan mazan jiya. Dokar Lerdo da aka yi don coci ta faɗa kan gonakin gandun ƙauyuka, kuma a wurare da yawa masu kuɗi ne suka amfana. A tsaunukan arewacin Puebla kuwa, ƙauyuka irin su Xochiapulco a ƙarƙashin Juan Francisco Lucas sun shiga rundunar sa-kai ta 'yan sauyi, domin ta nan suka sami bindiga da makaranta da hutu daga kuɗin coci, alhali maƙwabtansu na Zacapoaxtla su ne suka fara tayar da ƙayar baya a Disamba 1855 da taken addini da gatan limamai. Ƙauye biyu a tsauni ɗaya, kowa da alƙiblarsa, kuma sau da yawa tsohuwar rigimar iyakar gona ce take raba su.

Akwai gwaji na gaske da aka yi a wata ƙasa mai kama da Meksiko. A Kolombiya 'yan sauyi sun ba kowane namiji ƙuri'a kai tsaye a kundin 1853, da aka zo zaɓen 1856 sai ɗan mazan jiya Mariano Ospina Rodríguez ya kayar da ɗan sauyi Manuel Murillo Toro da Janar Tomás Cipriano de Mosquera. 'Yan sauyin Meksiko sun san ƙarfin mumbarin coci a ƙauye, yana cikin dalilan da suka sa masu son ƙuri'ar kai tsaye, irin su ɗan jarida Francisco Zarco, suka sha kaye a majalisar 1856. Da kai tsaye za a yi zaɓen da kake tambaya, da na fi karkata ga cewa 'yan mazan jiya za su zo na ɗaya da tazara.

Sai batun 'yan takara. Kowa zai so ya ga Juárez da Miramón a fage ɗaya, lauya ɗan ƙauye mai shekara 55 da matashin janar da ya kare sansanin Chapultepec na birnin Meksiko daga sojan Amurka a 1847 yana ɗalibin makarantar soja. Ba zai yiwu ba. Kundin ya ce shugaban ƙasa sai ya cika shekara 35, Miramón kuwa a 1861 shekararsa 30 ko ƙasa da haka. Kundin ya kuma hana limamin coci tsayawa, don haka Fada Francisco Javier Miranda, ɗaya daga cikin masu kitsa siyasar ɓangaren, ya fita. Lucas Alamán, wanda ya kafa jam'iyyar a 1849 kuma shi ne mai zurfin tunaninta, ya rasu tun 1853, kuma ba su sake samun kamarsa ba. Zuloaga ba shi da kwarjini ko a cikin mutanensa. Janar Leonardo Márquez hannunsa da jini: shi ake ɗora wa harbe fursunoni da likitoci da ɗaliban likitanci a Tacubaya a Afrilu 1859. Saura mutum biyu. Akwai Juan Nepomuceno Almonte, ɗan gwarzon neman 'yanci José María Morelos, wanda ya nemi kujerar a 1850 bai samu ba, amma yana Turai yana jakadanci, kuma sai ya dawo gida kafin zaɓe domin kundin ya sharɗanta zama a ƙasa. Akwai kuma Janar Manuel Robles Pezuela, tsohon ministan yaƙi kuma tsohon jakada a Washington, wanda a Disamba 1858 ya shiga yunƙurin neman tsaka-tsaki tsakanin ɓangarorin. Da ni ne mai ba su shawara, shi zan tsayar, domin shi ne masu dukiyar da suka gaji da yaƙi za su iya zaɓa ba tare da fargaba ba.

Matsalar 'yan sauyi kuwa yawan manya. A zaɓen gaske na 1861, da babu abokin hamayya daga waje, uku suka tsaya: Juárez, Miguel Lerdo de Tejada mai dokar nan, da González Ortega. Lerdo ya rasu a Maris 1861 ana tsakiyar harka. González Ortega kuwa sunansa daga yaƙin Silao na Agusta 1860 da na Calpulalpan na 22 ga Disamba 1860 ya fito, kuma a tarihinmu na zato waɗannan yaƙe-yaƙe ba a yi su ba, don haka gwamnan Zacatecas ne kawai. Wanda zai taso a gurbinsa shi ne Manuel Doblado na Guanajuato, lauya mai wayo, mai sassauci, wanda kowane ɓangare yake iya zama da shi. Degollado ma yana da magoya baya a cikin mayaƙa. Juárez zai tsaya da hujjar cewa shi ne halastacce, tunda a matsayinsa na shugaban kotun ƙoli ya gaji kujerar lokacin da shugaban ƙasa Ignacio Comonfort ya yi wa kundin da ya rantse da shi juyin mulki a Disamba 1857. Sai dai Juárez ɗin 1861 bai zama gwarzon da aka sani yau ba. A Satumba na wannan shekara a tarihin gaske 'yan majalisa 51 suka sa hannu suna neman ya sauka, 52 suka ce ya zauna.

Ba za ka ga ɗan takara yana yawon gari-gari ba. A al'adar lokacin abin kunya ne mutum ya fito yana roƙon ƙuri'a. Jaridu da ƙungiyoyin magoya baya ne suke tsayar da shi, shi kuma ya zauna yana rubuta wa gwamnoni wasiƙu. 'Yan mazan jiya babban makaminsu yarjejeniyar da jakadan Amurka McLane da ministan Juárez Melchor Ocampo suka ƙulla a Disamba 1859, wadda a cikinta gwamnatin Juárez ta amince ta ba Amurka haƙƙin wucewa na har abada ta mashigin Tehuantepec da wasu hanyoyin arewa a kan dala miliyan 4. Majalisar dattawan Amurka ce ta ƙi amincewa da ita. A ƙasar da ta rasa fiye da rabin faɗinta ga Amurka a 1848, wannan zargi yana da nauyi, ga shi kuma a Maris 1860 jiragen yaƙin Amurka ne suka kama jirage biyu na Miramón a Antón Lizardo kusa da Veracruz. 'Yan sauyi za su mayar da martani da jinin Tacubaya, da yarjejeniyar da Almonte ya ƙulla da Sifaniya da sunan gwamnatin Miramón, da bashin wani mai banki da ake kira Jecker, inda Miramón ya sa hannu a takardun peso miliyan 15 ya karɓi tsabar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Ga hasashena na ƙidaya, kuma hasashe ne. Ɗan takarar 'yan mazan jiya guda ɗaya zai kwashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin biyar na wakilai, daga cibiyar ƙasa. Sauran su rabu tsakanin Juárez da Doblado da wani na uku. Mai yiwuwa ma ɗan mazan jiyan ne zai zo na ɗaya. Amma doka ta ce in babu wanda ya haura rabi, majalisa ce za ta zaɓa tsakanin biyun farko. Haka aka yi a 1871: Juárez 5,837, Porfirio Díaz 3,555, Sebastián Lerdo de Tejada 2,874, majalisa ta ba Juárez. Kuma a ƙarƙashin dokar 1857 wakilan kowace jiha haɗuwa suke yi su ba da ƙuri'a ɗaya. Nan ne taswirar take juyawa. Sonora da Chihuahua da Durango da Tamaulipas da Tabasco da Colima, waɗanda jama'arsu ba ta taka kara ta karya ba, kowace nauyinta ɗaya da na Puebla ko Jalisco. Jihohin gefe sun fi yawa, kuma na 'yan sauyi ne, domin su ne suke cin moriyar tsarin tarayya. Don haka ɗan sauyin da ya shiga zagaye na biyu shi zai ci. In an bar Juárez ya tsaya, shi ne. In sharaɗin sulhu ya ce shugabannin yaƙin biyu su koma gefe, wanda shi ne ya fi kama da abin da 'yan mazan jiya za su yarda da shi, to Doblado ne, kuma wasu wakilan ɗaya ɓangaren ma za su ba shi.

To sai me? Tarihin ƙasar kafin nan bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A 1828 Manuel Gómez Pedraza ya ci zaɓe, magoya bayan Vicente Guerrero suka yi bore suka ƙwace. A 1849 'yan mazan jiya suka ci majalisar birnin Meksiko da Alamán a gaba, kafin shekara ta fita an tayar musu da zanga-zanga sun ajiye muƙami, kuma darasin da suka ɗauka shi ne akwati ba zai kare su ba. A Janairu 1851 José Joaquín de Herrera ya miƙa wa Mariano Arista mulki lafiya, abin da aka daɗe ba a gani ba, amma Arista bai wuce shekara biyu ba aka tilasta masa murabus. Ɗan takarar da ya zo na ɗaya a ƙuri'ar wakilai sannan majalisa ta ba wani, yana da runduna a hannunsa da limamai a bayansa, da wuya ya koma gida ya jira 1865. Ko Robles Pezuela ya haƙura, Márquez ba zai haƙura ba. A tarihin gaske, bayan an ci su da yaƙi ma, mutanensa sun kashe Melchor Ocampo da Degollado da Janar Leandro Valle, manyan 'yan sauyi uku, duk a cikin Yuni 1861. Ga baitulmali fanko, yawancin kuɗin kwastan an jinginar wa masu bin bashi na waje, ga rundunoni biyu suna jiran albashi. Bashin da ya sa Juárez ya dakatar da biya a Yuli 1861, har Faransa da Birtaniya da Sifaniya suka haɗa kai a London a Oktoba, yana nan ko wa ya ci. Amurka kuma ta faɗa nata yaƙin basasar tun Afrilu, babu mai tsawatar wa sarkin Faransa Napoleon na Uku.

Duk da haka ina ganin akwai abu ɗaya mai girma da zaɓen zai iya canzawa, kuma shi ya sa tambayarka take da daraja a wurina. Jam'iyyar da take da kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisa da gwamnoni huɗu ko biyar tana da abin da za ta rasa. Shan kaye kwata-kwata ne ya tura manyan 'yan mazan jiya Turai neman sarki. Sun samo Maximilian na Ostiriya a 1864, ya zo ya tabbatar da cinikin dukiyar coci ya kuma halatta sauran addinai, wato abin da suka yi yaƙi don hanawa. A 19 ga Yuni 1867 aka harbe shi tare da Miramón da Mejía a Querétaro, daga ranar kuma sunan jam'iyyar ya zama daidai da cin amanar ƙasa. Miliyoyin mutanen da suke da wannan ra'ayi suka rasa inda za su kai ƙuri'arsu. 'Yan sauyi suka koma faɗa da junansu har Díaz ya ƙwace a 1876 ya riƙe ƙasa zuwa 1911. Da aka ɗan buɗe ƙofa, jam'iyyar Katolika da aka kafa a 1911 ta ci gwamnoni a jihohi irin su Jalisco da Zacatecas da Querétaro cikin ɗan lokaci, kusan a kan taswirar da na zana maka a sama. Da aka sake rufewa, yankin nan ne ya ɗauki bindiga a yaƙin Cristero, boren 'yan Katolika na 1926 zuwa 1929.

In kana son hasashen naka ya tsaya da ƙafarsa, sai ka warware maganar gidan ɗan kasuwar Puebla kafin a je rumfa, kuma Fafaroma ne kaɗai zai iya warware ta. An yi haka a wasu ƙasashe: a Faransa a 1801 da Sifaniya a 1851 fadar Fafaroma ta yafe dukiyar da aka riga aka sayar, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin albashin limamai. Da irin wannan yarjejeniya, mai saye ya san gidansa ya zama nasa ko wa ya hau, limami ya san abincinsa, faɗuwa zaɓe ta zama abin da za a iya jurewa. Amma a 1860 da 1861 Fafaroma Pius na Tara bai daɗe da rasa yawancin ƙasarsa ba ga masu haɗa kan Italiya, ba ya cikin halin sassauta wa kowace gwamnatin 'yan sauyi. Saboda haka zan ba ka shawara ka ja mararrabar baya zuwa 1857. A shekarar Comonfort ya aika Ezequiel Montes zuwa Rum don a daidaita, ana cikin magana gwamnatin ta rushe da juyin mulkin Disamba 1857. Ka sa Montes ya dawo da takarda a hannu kafin Disamba, ka sa Comonfort ya kai wa majalisa gyaran kundin maimakon ya bi Zuloaga, ya ƙarasa wa'adinsa na shekara huɗu. Zaɓen zai faɗo a 1861 ɗin dai, ba tare da kisan Tacubaya ko yarjejeniyar McLane ko bashin Jecker ba, rundunar soja ɗaya ce, Ocampo da Degollado suna raye. A wannan zaɓen ma ina ba 'yan sauyi rinjaye saboda gwamnonin jihohi, amma a nan ne kaɗai nake iya ganin wanda ya faɗi ya karɓi kujerunsa na majalisa ya fara shirin 1865.